Roba Lamba Goma

Watan jiya wasu samari biyu da ke koyon aikin asibiti suka zo gaishe ni a Yasore. Muna zaune a zaure ɗayansu ya ce shi ɓangaren sa barci zai nema idan ya gama, domin ya lura can ne babu wahala: a zura wa mutum roba a wuya, a ɗaure ta, a zauna a kujera har likita ya gama yanka da ɗinki. Na ce masa gaskiya ne, akwai kujera. Da suka tafi na ga amsar ba ta isa ba, shi ya sa na ɗauki biro. Ban iya tsara magana ba, elementare kaɗai na yi a Batsari. Abin da na gani da abin da na aikata zan rubuta, kuma da yawa daga abin da na aikata ba abin koyi ba ne.

Na fara da shara da wanke kwalabe a ɗakin shan magani na Batsari. A shekarar da aka sami mulkin kai aka tura ni babban asibiti a birni, aka ce in je ɗakin tiyata in bi Malam Iro. Malam Iro mutumin Tsaskiya ne, malamin jinya da ya koyi sa barci a hannun Turawa. Gajere ne, ba ya cin goro, ba ya ɗaga murya. Shi yake sa mutum barci, shi yake zura robar numfashi. Nawa aikin shi ne abin da ke gaban wannan da abin da ke bayansa: in wanke roba, in zaɓo wadda ta dace, in shafa mata mai, in miƙa, in hura, in ɗaure, in zuƙe majina, in sace iska idan za a cire. Na daɗe ina wannan aiki. Ban taɓa yanka kowa ba, amma na ji wa mutane da dama ciwo.

Ga wanda bai taɓa shiga ɗakin ba, bari in faɗi yadda abin yake. Idan za a buɗe cikin mutum ana sa shi barci mai nauyi har ya daina numfashi da kansa. Sai a ɗaga harshensa da wani ƙarfe mai ɗan ƙwan fitila a baki, a zura roba ta bi tsakanin jijiyoyin murya guda biyu ta sauka hanyar huhu. Ta nan ake ba shi iska. Kusa da ƙarshen robar akwai ɗan balan-balan da ake hurawa da sirinji bayan ta shiga, ya toshe gefe da gefe, don kada iska ta tsere, kada kuma amai ya gangara huhu. Naman wannan hanya laushi gare shi kamar cikin fatar ido. Duk abin da ka yi masa da garaje, gobe mai shi zai ji idan ya zo haɗiye yawu.

Wanki na fara koya, kuma wata shida na yi ban taɓa komai ba sai bokiti. Robobin lokacin jajaye ne masu kauri, ba a yar da su, sai dai a wanke a maimaita har su tsufa. Za ka goge cikinta da siririn buroshi, ka jiƙa ta a ruwan magani, ka ɗauraye sau uku da dafaffen ruwa, sannan ta shiga tukunya. Ruwan maganin nan idan ya saura a jikin roba ƙona maƙogwaro yake yi. Malam Iro ba ya tambayata sau nawa na ɗauraye. Kafin a sa ta a tukunya sai ya ɗauka ya taɓa ta da kan harshensa. In ya ji ɗaci ya mayar min cikin bokiti ya wuce, ba magana. Daga baya na gane ba kullum yake ɗanɗanawa ba, ranar da aiki ya yi yawa ba ya samun lokaci. To a irin wannan rana sau ɗaya nake ɗaurayewa. Allah Ya yafe min, mutanen da suka kwana da wuta a wuya saboda haka ban san adadinsu ba.

Bayan wanki sai gwaji. A hura balan-balan a tsoma cikin kwanon ruwa, kamar yadda mai faci yake yi wa tayar keke. In kumfa ya taso ta huje. In sanyi ya sa roba ta sandare, a ajiye ta cikin ruwan ɗumi ta yi laushi kafin a miƙa. Man da ake shafa mata kaɗan ake sawa, ya game ko'ina, kada ya yi gudaji.

Zaɓen lamba kuwa Malam Iro magana ɗaya yake maimaita min. Ya ce kada in duba tsawon mutum ko girman rawaninsa, in duba wuyansa, in kuma na yi shakka in ɗauki ƙarama. Mata lamba bakwai ko takwas muke sa musu, maza takwas ko tara. Lamba goma muna da ita guda ɗaya, tana ƙasan akwati, sai an kawo irin ƙattin nan 'yan dako ake tuna ta.

Hurawa ita ce aikin da ya fi kama da wasa, kuma ita ta fi cuta. Da kunne ake yi. Malam Iro yana matsa jakar iska, ni kuma in kara kunnena kusa da bakin maras lafiya ina tura sirinji a hankali. Za ka ji iska tana tserewa tana huci. Ka ƙara kaɗan, ka saurara, ka ƙara kaɗan. Inda hucin ya tsaya nan za ka tsaya, ka matse da ɗan ƙarfe. Duk abin da ka ƙara a kan wannan, naman mutum kake dannewa har jini ya kasa zagayawa. Na san haka tun shekarar farko. Amma na lura da wani abu. Idan iska ta yi yoyo, a gaban likita ake ji, nan take ya ɗago kai ya tambayi wa ya hura. Ciwon wuya kuwa sai gobe yake zuwa, a ɗakin kwanciya, inda babu wanda ya san sunana. Saboda haka duk ranar da Malam Iro ya juya yana duba jijiyar hannu, sai in danna sirinji duka in huta.

Mutanen da muke yi wa aiki kala-kala ne. Akwai mai rantsuwa bai ci komai ba tun jiya, a sa shi barci tuwo ya fito. Akwai mai ɓoye goro a kumatu. Da kuɗin man fetur suka zo sai alhazai masu haƙorin Makka suka yawaita, kowa kafin barci wasiyyarsa a kan haƙorin take. Mutanen birni idan wuya ya yi musu ciwo har ofis suke zuwa. Fulanin daji kuwa ba za ka ji daga bakinsu ba, fulako ba zai bari babban mutum ya ce wai haɗiye yawu yana yi masa wuya ba. Don haka Malam Iro ya ɗora wa kansa zagaye. Kowace safiya zai bi gadajen waɗanda aka yi wa aiki jiya, ya yi musu sallama, ya tsaya sai sun amsa. Amsar yake saurare. In ya ji murya ta dishe ya sa a kawo ruwan ɗumi da gishiri a kurkure sau huɗu a rana, a lasa zuma, a bar kunu ya huce kafin a sha, a yi nesa da yaji, a rage magana. Sannan ya gaya wa dangi cewa roba ce aka sa, kwana biyu ko uku zai wuce. Yawanci kuma yana wucewa.

Shekarar da ta fi muni a aikina shekarar arziki ce. Fari ya wuce, kuɗin mai sun shigo, an yi wa asibiti fenti, an kawo sabon injin wuta da fitilu manya-manya cikin akwatunan katako. Robar numfashi ce ba ta zo ba. Aka ce tana cikin jirgin ruwa a Ikko, jiragen sun cushe babu wurin sauke kaya. Namu tsofaffin suka riƙa fashewa ɗaya bayan ɗaya. Da damina ta kama, na maza guda uku suka rage: lamba tara mai yoyo, lamba takwas mai lafiya, da lamba goma. Takwas ɗin nan ita take aikin gari duka, a cire ta daga wuyan wannan, in wanke in dafa, ta shiga wuyan wancan.

Wata Talata da safe aka yi aiki da ita na jefa ta bokiti. A ranar wani abokin aikinmu ya zo da sabon babur. Muka taru a bakin ƙofa ana kallo, ana taɓa madubi, har ya ɗauke ni muka zaga bayan asibiti sau biyu. Daga nan aka yi azahar, aka ci abinci, aka sake komawa wurin babur. Bokiti yana inda na bar shi.

Da la'asar motar kasuwa ta sauke wani Bafulatani daga wajen Ruma, sunansa Gidado, tare da wansa Ori. Hanjinsa ya murɗe, kwana biyu ba ya fitar da komai, ciki ya yi tamau. Dogo ne siriri, wuyansa kamar na zalɓe. Ana tura shi a kan gadon taya ya tuna wani abu, ya ɗaga kai ya kira wansa da ke can ƙarshen baranda, ya ce a ware jar karsana daga garke, ta kusa haihuwa. Ban taɓa jin murya irin wannan daga mai ciwon ciki ba. Matan da ke girki a bayan katanga sai da suka waiwayo. Daga baya na ji cewa da ita yake kiwo. A cikin dajin Ruma yakan tsaya a kan tudu ya yi kira ɗaya, shanun da fari ya bar musu su fito daga cikin sabara su biyo shi. Yawancinsu ma ba nasa ba ne, na dangi ne da na amana.

Likitan da zai yi aikin Ba'indiye ne, mai sauri. Ya ce yanzu-yanzu. Malam Iro ya miƙo hannu ba tare da ya dube ni ba, na sa masa lamba goma. Ya juya ta ya duba.

"Ina takwas?"

"Ta huje, Malam."

"Yaushe?"

"Ɗazu da na gwada."

Ba ta huje ba. Wanke ta da dafa ta rabin awa ne, kuma da na faɗi gaskiya da an jira, ko a yi faɗa a jira. Malam Iro ya dubi wuyan Gidado, ya dubi robar, ya yi bisimilla. Ba ta shiga da daɗi ba, sai da ya murɗa ta. Ya ce in hura a hankali, da ƙyar ma take buƙatar iska. Likita ya yi masa magana ya juya. Na tuna cikin nan cike yake, in amai ya wuce ni za a kama. Na danna sirinji duka.

Awa uku aka yi. Likita ya warware hanji, ya yanke inda ya mutu, ya haɗa, ya yi aiki mai kyau. Da aka zo tashinsa na zura bututun zuƙa har can ciki ina taka injin da ƙarfi, don in gama in fita. Aka cire roba na ga jini a bakinta. Na goge a rigar aikina na jefa ta bokiti, ta sami 'yar'uwarta.

Washegari aka aiko wa Malam Iro cewa yayarsa ta rasu a Tsaskiya. Kafin ya hau mota ya ce in yi zagayen safe a madadinsa, in kula da Bafulatanin nan musamman, robarsa ta yi girma. Na je na yi sallama. Gidado ya motsa baki, abin da ya fito iska ce. Na tambaye shi jiki, ya ɗaga hannu alamar godiya. Na ga yana tara yawu a baki yana tofarwa a gwangwani don kada ya haɗiye. Ban sa an kawo ruwan gishiri ba, domin in na sa, malamar ɗakin za ta tambayi dalili ta rubuta. Na juya zan fita Ori ya biyo ni baranda ya tsuguna.

"Likita, ina da tambaya, in ba laifi."

"Ni ba likita ba ne."

"To malam. Ƙanen nan nawa da murya ya shiga ɗakinku. Mi aka yi ma wuya nai?"

"Ka ga ɗinkin?"

"Na gani."

"A ina yake?"

"Ga ciki."

"To ina ciki ina wuya?"

Ori ya dubi ƙasa. "Haka ne. Da nisa."

"Ƙila sanyi ne ya kama shi, damina ce."

"Ba a sa mashi komi ga baki ba?"

"Ba a sa ba."

Ya yi godiya, ya ce Allah Ya saka min da alheri. Wannan ita ce ƙarya ta biyu, kuma ta fi ta farko. Ta farko ƙyuya ce ta jawo ta. Ta biyu ina tsaye da hankalina na ƙera ta.

Kwana takwas Ori ya nemi a sallame su, ko zare ba a gama cirewa ba. Saƙo ya zo daga ruga cewa shanu sun ƙi kowa. Gero ya kai gwiwa a gonakin Ruma, shanu suna barin burtali suna faɗawa ciki, an kai ƙara wurin dagaci sau biyu, an ce in suka sake ɓarna za a tashi rugar daga wurin. Suna buƙatar muryar Gidado, kuma ba za su iya jira ba.

Abin da ya faru a can daga bakin Ori na ji shi daga baya. A ƙauyukanmu idan babba ya kasa haɗiya, murya ta tafi, abu ɗaya ake fara zato, wato belu ya sauka. Suka kira Mati wanzami, wanda ya yi wa rabin yankin kaciya da ƙaho. Mati ya danne harshe ya leƙa, ya ga belu ya kumbura ya yi tsawo, kansa ya yi fari. Abin da ya gani gaskiya ne, roba da bututuna ne suka murje shi, kuma da an bar shi da kansa zai warke. Ori ya ce Mati bai ɗauko aska nan da nan ba. Ya ce bai taɓa ganin belu mai irin wannan kama ba, ya tambaya ko an sa masa wani abu a baki a asibiti. Ori ya ce ya tambaya da bakinsa, ma'aikacin ɗakin ya ce ba a sa ba. Mati ya ce to shi ke nan, ya yanke.

Ba ina kare yankan belu ba ne. Na ga waɗanda yankan ya kashe, bai kamata a yi wa kowa ba. Amma wanzamin nan ya yi tambayar da ta dace, amsata aka ba shi.

Kwana biyu jini bai tsaya ba, wuya ya kumbura, zazzaɓi ya shiga. Aka dawo da shi a motar kasuwa da tsumma a baki. Likita ya fusata, ya yi ta faɗa da Turanci yana nuna Ori da yatsa, wai ya gyara mutum an kai wa mai aska ya ɓata. Malam Iro ya dawo a lokacin. Dole aka sake sa Gidado barci don a ɗaure inda ke jini. Malam Iro ya ce in ba shi lamba bakwai ta mata, na ba shi. Da ya ɗaga harshe da ƙarfen fitila na ga ya daɗe yana kallo fiye da yadda ya saba. Shi ya karɓi sirinji ya hura da hannunsa.

Bayan an gama ina ɗakin wanki ya shigo. Ya ɗauki lamba takwas daga kan tire, wadda na ci gaba da miƙa wa mai riƙon aikinsa duk kwanakin nan. Ya hura ta, ya tsoma a kwano. Muka tsaya muna kallon ruwan. Ko kumfa ɗaya.

"Allah Ya ba ta lafiya," in ji shi.

Na ce, "Malam..."

"Jijiyar muryarsa ta hagu ba ta motsi. Askar Mati ba ta kaiwa can."

"Za ta dawo?"

"Wata tana dawowa." Ya sace iskar ya ajiye robar. "Iska nawa ka tura masa?"

"Duka."

"Wansa ya tambaye ka?"

"Ya tambaya."

Ya wanke hannunsa ya goge. Ya ce ba zai kai ni gaba ba, domin shi ma da idonsa ya ga robar ta yi girma kuma ya tura, nasa kason yana wuyansa. Amma daga ranar, duk wanda za a sa wa roba, ni zan je in gaya masa da danginsa kafin barci, in nuna musu ita su riƙe a hannu. Ya ce sauran kuma tsakanina ne da mai wuyan.

Likita ya rubuta takarda aka kai wa dagaci. Aka kira Mati a gaban jama'a aka hana shi taɓa wuyan kowa. Mutane suka ji cewa hannunsa ya lalata muryar Gidado, masu kaciya ma suka koma wurin wani. Duk wannan ina ji. Batsari da birni ba nisa, kowace ranar kasuwa labari yana zuwa. Kalma ɗaya daga gare ni da ta rage masa wannan nauyi. Ban faɗa ba. Rugar su Gidado kuwa an tashe ta kafin kaka, suka matsa can cikin daji inda ruwa ke da nisa.

Aikin da Malam Iro ya ɗora min na yi shi har na bar asibiti. Nakan tsaya a gefen gado in ce, baba, ga abin da za a sa maka a wuya kana barci, gobe za ka ji kamar ka haɗiyi ƙaiƙayi, ba belu ba ne, ba sammu ba ne, kada a kira wanzami, in ya wuce kwana uku ka neme ni, sunana Sule. Wasu su tsorata, wata tsohuwa ma ta ce a mayar da ita gida ta mutu da wuyanta. Amma ba wanda aka sake dawo mana da shi da tsumma a baki. Daga baya fararen robobi masu laushi suka zo, waɗanda ake yarwa bayan aiki ɗaya, yanzu ma na ji akwai agogon da ke auna iskar balan-balan, akwai magungunan kurkura kafin barci. Duk suna da kyau, ku yi amfani da su. Sai dai agogon yana buƙatar wanda zai duba shi lokacin da babu mai kallo.

Shekara goma sha ɗaya ina cewa zan je Ruma. Malam Iro ya rasu ban je ba. Da na ajiye aiki na dawo Yasore, uzuri ya ƙare. Na fara tambayar gidan Mati, aka ce ya rasu shekara huɗu da suka wuce, 'ya'yansa sun tafi kudu. Na hau keke na bi hanyar ƙafa, ina tambaya ruga-ruga, har na same su da hantsi suna shirin sakin shanu.

Gidado ya yi furfura. Ya shimfiɗa min buzu, aka kawo nono, muka gaisa, ina gida, ina iyali, ina shanu, ina ruwa. Duk amsarsa sai na karkata kai nake ji, kamar iska ce ke bi ta cikin kara. Bai gane ni ba. Na faɗa masa ko ni wane ne, sannan na faɗa masa komai a jere, tun daga bokiti har baranda. Ban rage ba. Yana saurare yana zane ƙasa da tsinke.

Da na gama ya yafito ni in matso.

"Ka je wurin Mati?"

"An ce ya rasu."

"Na sani. Da ni aka ɗauki makara." Ya huta, don magana mai tsawo tana cinye masa numfashi. "Har ya mutu in ya hango ni a kasuwa sai ya sake hanya. Kunya yake ji."

Na ce na zo neman gafara ne.

Ya dubi shanun. "Da can a gaba nake tafiya, suna bina. Yanzu a baya nake da sanda, kamar Kaɗo." Ya miƙe ya ɗauko sanda biyu daga jikin bukka, ya miƙo min ɗaya. "Ori ba shi da lafiya. Kama hagu."

Na kama hagu. Tun hantsi har la'asar muna kora su zuwa mashaya da dawowa. Akwai gonaki a hanya. Duk saniyar da ta karkata sai an ruga an tare ta da ƙafa, domin babu mai kira. Shi yana gudu a damansa, ni ina gudu a haguna, mu biyu masu furfura. Na faɗi sau biyu, ƙaya ta yaga min wando. Sau ɗaya na ga wani bijimi ya nufi dawa, Gidado ya tsaya ya buɗe baki ya ɗaga kai yadda ya saba, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Bijimin bai ko kaɗa kunne ba. Ya rufe baki ya bi shi da gudu.

Da muka dawo muka yi salla, na ɗauki kekena. Ya raka ni har bakin burtali, na mayar masa da sandarsa, muka yi sallama. Na hau na yi 'yar tafiya sai na waiwaya. Yana tsaye inda na bar shi, ya ɗaga hannu, bakinsa yana motsi. Magana ce gajera, kalma biyu ko uku. Tsakaninmu bai fi taki ashirin ba, amma ban ji ba, kuma na kasa komawa in ce masa ya maimaita.